Turbar Fadama: Yadda Shekara Ke Juyawa a Kan Hanyoyin Ƙafa na Ƙasar Zagga

Idan kana son sanin wanda ya riga ka fita a Zagga, ba sai ka tambayi kowa ba. Fita bayan sallar asuba a lokacin kaka, ka bar titin mota a bayanka, ka kama turbar da ta gangara fadama, ka sunkuyar da kai. Raɓa ta kwantar da ƙura, ƙasa ta zama kamar allon da aka wanke. Ga sawun tayar keke, siriri, ya lanƙwasa inda mai shi ya kauce wa kututture. Ga na babur ya bi ta kansa ya tattake shi, wato shi ya zo daga baya. Ga kofaton jaki. Ga na shanu rututu sun gitta hanyar sun nufi mashaya, a gefensu ɗan sawun takalmin roba na yaron da ke kora su. Can gaba wani layi mai santsi ya ratsa rairayi ya shige ciyawa, maciji ne ya wuce da dare. Kafin rana ta ɗaga duk wannan rubutu zai goge, wani ya hau kansa.

Wannan turba ba ta cikin taswira, ba ta da allon sanarwa, ba a taɓa yanka ƙyalle an buɗe ta ba. Amma ita ke kai manomi gonarsa, ta kai 'yar Fulani da ƙwaryar nononta kasuwa, ta kai ɗan makaranta aji, ta kai mai naƙuda bakin titi inda za a sami mota. A biranen Turai da Amurka hukuma kan kashe kuɗi ta shimfiɗa hanya ta musamman domin masu tafiya a ƙasa da masu keke, mutane su fita shan iska suna kallon tsuntsaye da furanni. Namu hanyoyin na neman abinci ne, ƙafafun kakanni suka shata su, ba wanda ya biya ko sisi. Abin da ke damuna shi ne muna kallonsu suna tsukewa shekara bayan shekara, ba mai cewa uffan, sai ranar da aka fasa kan wani saboda saniya ta shiga gona sannan a tuna cewa da can akwai hanya a wurin.

Zagga tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, a ƙarƙashin masarautar Gwandu. Ƙasa ce ta ruwa biyu: a wannan yanki ne Gulbin Kebbi, wanda ya ratso Sakkwato da Argungu, yake zuba a Kwara, babban kogin da ake kira Neja. Idan ka ƙetare Kwara ka nufi Illo, Ka'oje, Lolo ko Tsamiya, ka doshi iyakar Jamhuriyar Benin ke nan. Hausawa, Fulani, Dandawa, Zabarmawa, Kyangawa da mutanen Bargu duk suna cin kasuwa ɗaya a wannan ƙasa, kuma kafin su hau kwalta kowannensu sai ya fara taka wata turba daga tungarsa ko rugarsa.

Hanyoyin kuwa ba iri ɗaya ba ne. Akwai turba, wadda faɗinta bai wuce na mutum ɗaya da kayan kansa ba. Akwai burtali, hanyar dabbobi da aka bari tsakanin gonaki domin garke ya fita kiwo ya je mashaya ba tare da ya taɓa shuka ba. Akwai kuma mashigi, inda hanya ke ƙarewa a bakin ruwa a jira mai fito. Kowace tana da ladabinta. Mai keke ba ya wuce dattijo a guje, yakan sauke ƙafa ɗaya ya ce, "Baba, sannu da hanya." Mai kaya a ka shi ake kauce wa. Idan damina ce za ka ji an ce, "Ina ruwa?" a amsa, "Ruwa ya yi gyara." A cikin wannan 'yar tsayuwa ake jin wa ya rasu, gidan wa aka haihu, nawa buhun shinkafa ya kai a kasuwar jiya. Da aka ce zumunta a ƙafa take, ai ƙafar sai da hanya.

Shekarar turba tana farawa ne da bazara. A watan Afrilu zafi kan haura digiri 40, rairayin jigawa ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi, masu tafiya su koma fita da asuba ko bayan la'asar. Jajayen furannin ɗorawa, waɗanda jemagu ke ziyarta da dare suna kai musu ƙurar haihuwa daga wata bishiya zuwa wata, sun riga sun zube, 'ya'ya sun nuna, mata da yara suna dawowa da dami a ka domin kalwar daddawa. Sai wata safiya ka ɗaga kai ka ga shamuwa a kan kuka tana jera kirare. Ba a nan ta yi rani ba. Tsuntsuwa ce mai bin ruwan sama: idan daminarmu ta ƙare sai ta tsallaka zuwa gabashi da kudancin Afirka, inda tasu daminar ke farawa, ta ci fara da tsutsa a can, sannan ta juyo ta riga hadari isowa nan da 'yan makonni. Shi ya sa manomi ke ganin ta ya je ya duba irinsa da fartanyarsa.

Gawo kuwa nasa lissafin daban ne. Lokacin da kowace bishiya ke sabon ganye, shi yake kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara duk damina, sai kaka ta kawo kai ya yi kore shar. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa ƙwarai ta kamo ruwan da sauran tsirrai ba sa kaiwa, don haka rani ba ya tsorata shi. Ganyen da ya zubar taki ne, ba ya kuma tare wa gero rana, 'ya'yansa kuma abincin awaki da shanu ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Ga matafiyi, ma'anar wannan ita ce inuwa a watannin da ya fi bukatar ta. Duk turbar da aka bar mata gawo a gefe, za ka ga ƙasan gindinsa ta yi sumul saboda zaman mutane.

Da ruwa ya zauna, turba kan canza kamanni. Gero da dawa su tashi su rufe ta hagu da dama, ka riƙa jin muryar mutum kafin ka gan shi. Raɓa ta jiƙa wando har gwiwa. Inda ƙasa take marmara ana wucewa lafiya, amma da an gangara fadama sai laka ta kama taya, ta cushe tsakanin taya da madgadi, mai keke ya sauko ya nemi tsinke yana ƙwaƙulewa, wani lokaci ma ya saɓa keken a kafaɗa.

A nan ne ya kamata a fahimci yadda hanya ke lalacewa, domin ba aikin dare ɗaya ba ne. Ƙasar gona tana da ƙananan ƙofofi da ruwa ke shiga. Ƙafa da kofato da taya suna danne ƙasar turba har ƙofofin su toshe, kuma shekaru suna sa ta yi ƙasa da gonakin da ke gefenta. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi, maimakon ya nutse sai ya taru a kanta ya bi ta kamar magudana. Tayar babur mai ɗauke da buhu biyu ta yanka ɗan layi a tsakiya, ruwa ya sami wurin kamawa, ya riƙa ci yana zurfafawa. Ɗan kabu-kabu ya ga rami ya kauce ya taka bakin gonar wani. Mai gona ya zo ya ga an tattake masa kunya biyu, ya sare ƙaya ya jibge. Gobe a kauce ta ɗaya gefen. Kafin shekara biyar inda ake bi da ƙafa ya zama kwazazzabo, an kuma sami gidaje biyu da ba sa gaisawa. Alhali maganin abin tun yana ƙarami ba shi da tsada: 'yan kunyoyi a gicciye masu karkatar da ruwa cikin gona kafin ya yi ƙarfi, da layin jema ko gamba a gefe, waɗanda saiwarsu ke riƙe ƙasa.

Damina kuma ita ce lokacin haɗari biyu da ba a cika danganta su da hanya ba. Na farko maciji. Mata masu tsintar kaɗanya kan fita tun duhu bai washe ba, ciyawa ta rufe turba, ga takalmi buɗaɗɗe. Kububuwa ƙarama ce, launinta kamar ƙasa, dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa wanda ta sara za a ga jini yana fita daga dasashinsa ko daga wani tsohon rauni. Tsaga wurin da reza ko ɗaure shi tamau ba ya cire dafi, sai dai ya ƙara ɓarna. Abin da ke ceto shi ne a kai mutum asibiti da wuri a yi masa allurar kashe dafi. To, "da wuri" ɗin nan ya dogara ne da halin da hanya ke ciki. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji a jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, kuma duk wanda ya taɓa ganin an ɗauko mutum a amalanke ana ratsa taɓo da shi ya san dalili. Na biyu tsargiya. Inda turba ta ratsa ruwa mai kwanciya, akwai ƙananan dodon koɗi da ke ɗauke da ƙwayar cutar. Tana fita cikin ruwa ta huda fatar ƙafar mai wucewa ba tare da ya ji ba, bayan watanni yaro ya fara fitsarin jini. Akwai ƙwayar magani da ke kashe ta, amma idan gobe zai sake ratsa ruwan nan zuwa makaranta, za ta dawo. Ɗan kwalbati ɗaya ko gadar katako a irin wannan wuri aikin lafiya ne tsantsa.

Sai maganar Kwara, wadda ita ce uwar komai a nan, kuma tana da wani sirri da baƙo ba ya ganewa. Kogin yana cika sau biyu a shekara. Cikar farko ta ruwan daminarmu ce, daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da Gulbin Kebbi da ƙoramun Nijar da Benin da Burkina Faso ke kwararo ruwa mai laka. Masana kogin suna kiran ta farar ambaliya saboda launin ruwan. Sai a ɗauke ruwan sama, a yi girbi, hunturu ya shigo, leɓɓa su tsage, amma ka je bakin kogi a Disamba ko Janairu ka tarar ruwa yana ƙaruwa, ba ko ɗigon hadari a sama. Wannan ruwan na Gini ne. Kwara tana tasowa ne daga tsaunukan Gini kusa da iyakar Saliyo, ta yi tafiyar kusan kilomita 4,200 kafin ta kai teku. Ruwan da ya sauka a can cikin damina yakan shiga wata makekiyar fadama a tsakiyar Mali, wajen Mobti da ƙasar Masina, ya bazu ya yi ta jan jiki a hankali. A can rana take shanye kaso mai yawa, lakar da ya ɗauko ta kwanta, abin da ya rage ya biyo ta Tumbuktu da Gao da Yamai da Gaya ya iso mana bayan watanni, ya tace ya yi duhu. Ita ce baƙar ambaliya.

Saboda haka turbar bakin kogi tana da kalandarta. Akwai wadda ake bi a Mayu da ƙafa, a Satumba sai da jirgi, a Nuwamba ta ɗan leƙo, a Janairu ta sake nutsewa, sai Maris ta fito gaba ɗaya. Tsofaffin masunta da masu fito sun haddace wannan ba littafi. Sun san tushen giginyar da idan ruwa ya taɓa shi, mashigin ƙasa ya rufe ke nan, a koma na sama. Wannan ilimi ne na gaske, kuma yana da amfani a shekarar da kogi ya yi fushi, kamar 2020, lokacin da ƙungiyar manoman shinkafa ta jihar ta ce ambaliya ta cinye kadada kusan 450,000 a Kebbi. A irin wannan shekara hanyar tudu da kakanni suka bari ita ce ke fitar da mutane da dabbobinsu. Inda aka noma ta, sai a rasa ta inda za a bi.

Kaka lokacin cunkoso ne. Jakuna da amalanke da kekuna da babura suna jigilar dami, ƙarangiya ta manne a bakin zane, tsidau ya baje ƙayarsa a kan hanya yana jiran taya. A gonakin shinkafa yara na kan rumfuna suna jan igiyar gwangwanaye suna ihu, domin tsuntsun jan baki idan ya taso garkensa kamar hayaƙi yake, kuma gonar da ya sauka a kanta da safe ba ta kai yamma. Wasu shekarun sai hukuma ta kawo jirgin feshi.

Da ɗari ya kama, hazo kan rufe ƙetaren kogi. Ƙurar nan mai laushi da ke kwanciya a gira da gashin ido, mafi yawanta daga wani busasshen tafki take tasowa a arewacin Chadi, wurin da ake kira Bodele, iska ta kwaso ta ta yi tafiyar fiye da kilomita 1,000. A wannan lokaci ne shanu ke gangarowa fadama, balbela na biye da su tana tsintar ƙwarin da kofato ya tayar. Abin da ya kawo su shi ne burgu, ciyawar ruwa mai zaƙi wadda ke tsawo tare da cikar kogi, idan ruwa ya janye ta kwanta ta zama kiwon rani mafi daraja. Kirinjijiya na shawagi da yamma tana fito, zalɓe na tsaye a gefen tafki, ga kuma baƙin tsuntsaye da suka gudo wa sanyin Turai suka tsallako Sahara.

Akwai wani abu da nake so mai karatu ya tuna idan yana taka busasshiyar fadama a ƙarshen rani, inda laka ta tsattsage kamar tsohuwar tukunya. Mai yiwuwa a ƙarƙashin ƙafarsa akwai kifi mai rai. Gaiwa tana da huhu. Idan ta ga ruwa zai ƙafe sai ta nutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, ta lulluɓe kanta da yauƙi wanda ke bushewa ya zama kamar jaka, ta bar ɗan rami da iska ke shiga. Haka za ta kwanta watanni ba ci ba sha, jikinta yana aiki kaɗan kaɗan, har ruwan fari ya jiƙa ƙasa ta farka. Yaran tunga sun san ɗan bakin ramin, suna haƙo ta da fartanya. Na daɗe ina ganin cewa malamin kimiyya a makarantun wannan yanki yana da ɗakin gwaji a ƙofar ajinsa, in da zai fita da yara su bi turba sau ɗaya a wata.

Keke shi ne dokin wannan hanya. Iyayenmu sun san darajar Raleigh, wanda har masana'antar haɗa shi aka yi a Kano, daga baya Phoenix na Sin ya shigo da sauƙin kuɗi. Da babura suka yawaita sai aka fara yi wa keke kallon abin hawan wanda bai samu ba. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka sanar da janye tallafin man fetur. Litar da ba ta kai naira 200 ba kafin ranar, ta haura 1,000 kafin ƙarshen 2024. Kuɗin kabu-kabu ya ninka, aka shiga zaure da bayan rumbu ana zaro tsofaffin kekuna ana kai wa mai faci. Ka tsaya ka kalli aikinsa a gindin bishiya ranar kasuwa: ya zare tub, ya hura, ya tsoma a kwanon ruwa yana juyawa har kumfa ta tona asirin ƙaya, ya goge wurin, ya shafa gam, ya ɗan jira ya sha iska, ya manna ya danne da babban yatsa. Kafin ya mayar sai ya zagaya cikin tayar da hannu, domin in bai zare ƙayar ba aikin banza ya yi. Keke ba ya shan mai, ba ya yanka hanya kamar babur, yarinya 'yar sakandare tana iya hawansa, kuma idan aka zo mashigi mutum ɗaya ke ɗaga shi ya sa a jirgi. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 3 ga Yuni a matsayin ranar keke ta duniya tun 2018. Mu ba rana muke bukata ba, hanya muke bukata wadda ba ta karya sifok.

Ta wajen iyaka kuwa, turba ta girmi iyakar. A ranar 14 ga Yuni 1898 Ingila da Faransa suka sa hannu a Paris a kan yarjejeniyar da ta raba ƙasar Bargu, aka ja layi ya taɓa Kwara mil 10 sama da tashar jiragen ruwa ta Illo. Layin ya bar wa a wannan gefe, ƙane a wancan. Har yau ana kai amarya, ana zuwa ta'aziyya, ana cin kasuwa tsakanin ƙauyukan Bagudo da na wajen Segbana da Malanbil a Benin, mafi yawa ta hanyoyin da mota ba ta bi. Lokacin da gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019, sannan a Nuwamba ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, waɗannan hanyoyi suka sha suna mara daɗi, aka riƙa kiran su hanyoyin fasa-ƙwauri. Ba na musun cewa ana bi da shinkafa da fetur ta nan. Ba na kuma musun tsoron da ya shigo tun da sojoji suka ba da sanarwar ɓullar 'yan bindigar Lakurawa a Sakkwato da Kebbi a Nuwamba 2024. Amma hanyar da mutanen gari ke bi kullum, wadda kowa ya san sawun kowa a kanta, ita ce ta fi saurin tona baƙon da bai zo da alheri ba. Wadda aka ƙaurace wa ita ke zama ta ɓarayi.

Babbar barazana ga waɗannan hanyoyi ba daga waje take ba, daga fartanyarmu take. Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015, fadama ta yi daraja. Injin ban ruwa da rijiyar burtsatse sun sa ana noma rani da damina. Wannan alheri ne, ba mai ja. Sai dai kowace shekara mai gonar da ke bakin burtali yakan ƙara kunya ɗaya, na ɗaya gefen ya ga haka shi ma ya ƙara. Burtalin da garke ke bi a sake ya koma na sa ɗaya, mashaya ta zama gonar albasa. Makiyayi ya iso da shanu ɗari masu ƙishirwa ya tarar da shinge, to ina zai bi? Manomin kuma bashi ya ci ya yi shukar, idan aka cinye ta me zai biya da shi? Kowannensu yana da gaskiyarsa, an bar su su biyu su warware abin da hukuma ce ya kamata ta shata.

Ba wai babu doka ba. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙa'idar zirga-zirgar makiyaya tsakanin ƙasashe a 1998, da takardar shaidar da garke zai riƙe. Amma a Disamba 2019 Benin ta hana shigar garkunan ƙetare, abin da ya ƙara matsi a kan kiwon wannan gefe. Maƙwabtanmu na Nijar sun yi abin koyi: dokarsu ta karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun mai da burtali dukiyar jama'a, kuma a wurare da dama an kafa turakun siminti a gefensa, kowa yana gani, ba gardama. Sifen ma tana da tsofaffin burtalan tumaki kimanin kilomita 125,000. A 1995 ta yi doka ta kare su, manyan cikinsu faɗinsu ya kai mita 75, ba a sayarwa, ba a ginawa. Yau makiyaya na bin su, masu keke da masu yawon ƙafa ma na bin su, kuma shekara shekara ana ratsa tsakiyar birnin Madrid da garken tumaki domin kada a manta cewa hanyarsu ce.

Bankin Duniya yana auna ci gaban karkara da wani ma'auni: mutum nawa ne ke zaune cikin kilomita 2 daga hanyar da ake bi rani da damina. Kebbi tana cikin jihohin da aka sa a shirin hanyoyin karkara da kasuwannin amfanin gona na RAAMP, wanda bankin ya amince da shi a 2020. Madalla da wannan. Amma kilomita biyun nan da suka rage, da biyar ko goman da wasu tungaye ke da su, a kan turba ake yin su, kuma ita ba ta cikin kasafin kuɗin kowa.

Abin da take bukata bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma da masarauta ba. Hakimi ya kira dagatai da masu unguwanni da arɗo da sarkin noma da sarkin ruwa, a ɗauki tsofaffin da suka san inda burtali yake tun suna yara, a taka shi da ƙafa tun suna da rai, a auna, a rubuta, a ajiye kwafi a fada da sakatariya. Wayar hannu ta yau tana iya zana hanya yayin da mai ita ke tafiya, samarin da suka gama sakandare za su yi wannan cikin mako guda. A dawo da gayyar share hanya da ake yi idan ciyawa ta tashi, wadda ke rage saran maciji ba tare da an kashe kobo ba. A sa kwalbati a wuraren da yara ke ratsa ruwa. A hana sare gawo da tsamiya da ɗorawar da ke bakin hanya domin gawayi.

Idan kuma babu kuɗin turakun siminti, akwai abin da mutanen ƙasar Sakkwato da Kebbi suka daɗe suna shata iyaka da shi, wato aguwa. Reshe ake sarewa a soka a ƙasa, ba ta neman ban ruwa, dabba ba ta damu da ita ba saboda ƙaiƙayin nononta, kuma wanda ya tumɓuke ta da dare, da safe ramin zai nuna. Ana dasa ta ne a ƙarshen rani, kafin ruwan fari, daidai lokacin da shamuwa ta fara ɗaukar kirare.